Butar Shayi Da Kurakuran Ubanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Tanut, zuwa ga ɗana Salisu a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ƙasar ta karɓe ka, ruwanta ya karɓi cikinka, mutanenta su zame maka 'yan'uwa. Innarka na gaishe ka, yayyenka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka sai da furfura ta fara fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa baƙaƙena suke kamar sawun kaji a kan rairayi. In ka kasa karanta wata kalma, ka cika ta da hankalinka.

Ranar da ka hau kamyo na zo tasha da magana cike da baki. Amma direba na ta danna hon, innarka na ta cusa maka ƙullin ƙuli-ƙuli ta taga, sai na ji abin da ya fito daga bakina bai wuce “Allah Ya kiyaye hanya” ba. To ga maganar yanzu. Da ka ce teburin shayi za ka kafa a tashar Agadas, na yi kamar ban ji daɗi sosai ba don kada kanka ya kumbura, amma gaskiya ranar har tuwo na ƙara. Labarin gari ba zan ba ka ba, direbobi za su kai maka shi har da ƙari. Kurakuraina zan ba ka, don su ne abin da na fi tarawa a sana'ar nan, kuma ba na so ka sake yin su tunda ni na riga na yi mana.

Na farkonsu raini ne. Ka tashi ka gan ni da buta a hannu, har kana zaton da ita aka haife ni. Ina! Lokacin da muke ƙauyenmu na wajen Olalewa, kafin a haife ka, duk garin ba wanda ya kai ni kushe shayi. Nakan ce aikin ragwaye ne: mutum ya zauna yana fifita gawayi, yana ɗaga buta sama yana saukewa, a ƙarshe ya sha abin da bai fi cikin cokali uku ba. Ni kuwa ƙato ne, ina ji da ƙarfina. In ƙishi ya kama ni a gona sai in gangara tabki, in kore gansakuka da bayan hannu, in kafa baki kamar bijimin sa.

Wata damina, ana tsakiyar noman fari, sai ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kurkunu. Kafin in gama da ta ƙafar dama, ta hagu ta fito da guda biyu. Ka taɓa ganin ƙato yana hawaye saboda abin da bai fi zare kauri ba? To ni na yi. Innarka ce take naɗe tsutsar a ɗan kara kowace safiya, kaɗan-kaɗan don kada ta katse a ciki. Ciyawa ta cinye gonata ina kallo daga kan tabarma.

Da kaka sai ga Baba Agali. Kai da tsufa ka san shi, amma a lokacin dogon saurayin Buzu ne mai dariya kamar tsawa. Kowace shekara in an yi girbi yakan sauko daga arewa da raƙumansa da awakinsa, ya sauka a gonarmu, dabbobinsa su ci kara su bar mana taki. Ya tarar da ni a gindin aduwa, ƙafafu a miƙe, ƙuda na bi.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Idi, wa ya ɗaure bijimi a turke?”

Na ce, “Kurkunu.”

Ya kwance jakarsa ta fata, ya fito da 'yar buta da finjalai, ya hura gawayi. Sau nawa na ƙi shayinsa a shekarun baya, amma ranar ba ni da ƙafar gudu. Finjalin farko ɗacinsa ya sa na yamutsa fuska har ya fashe da dariya. Na biyu ya zo da sauƙi. Na uku kuwa, da ya jefa na'ana'a a ciki, sai na ji gumi ya karyo mini, kaina ya washe, jikina ya saki. Ranar na yi dariya karon farko cikin wata uku.

Yana wanke finjalai ya ce da ni cikin Hausarsa ta kasuwa, “Ni in na samu rijiya, ina sha. In tabki ne, sai ya hau wuta tukuna. Ruwan tabkin da bai ga wuta ba, na raƙumi ne.”

Maganar ta zauna mini. Kasuwar Olalewa ta gaba na aika aka sayo mini buta. Da damina ta dawo, kullum da safe innarka ta tafasa ruwa a tukunya, in jefa ɗan ganye da citta, in ya huce mu ɗura a gora mu tafi gona da shi. Mutane na ta dariya, wai Idi ya zama Buzu, saura rawani. Waccan daminar guda ɗaya ta fito mini, wadda na riga na sha tun bara. Ta bayanta kuwa ƙafata fes, har yau. Masu dariyar nan, cikinsu har da waɗanda suka zo aron tukunyar da rarrafe.

Saboda haka, Salisu, alheri na farko da ke cikin shayi ba ma a ganyen yake ba, a wutar yake. Ka bar ruwanka ya tafasa har ya yi juyi, kada gaggawar mai saye ta sa ka sauke shi yana tsuwa kawai. Ka san rijiyar ko famfon da ake ɗebo maka. Ruwan wanke finjali ka riƙa sauya shi, kada ka mayar da shi wani ƙaramin tabki a ƙarƙashin tebur. Kuma a can za ka ga mutane iri-iri da abincinsu da ɗabi'unsu. Kafin ka yi wa abu dariya, ka tambayi mai shi dalili.

Kuskure na biyu ɗan na farko ne. Wanda ya daɗe yana ƙin abu, ran da ya so shi sai ya wuce gona da iri. Na koma ba ni da aiki sai hura gawayi. Da asuba shayi, da hantsi shayi, bayan azahar, bayan la'asar, bayan magariba. Kuma mai kauri, baƙi ƙirin kamar ruwan kwalta, ga sukari ina fasa dunƙule ina zubawa kamar gadon ubana. Fura ma na fara ƙinta, wai ta cika mini ciki.

Ba a daɗe ba zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu. Hannu na rawa, barci ya ƙaura, haƙorin gefe na zugi, kowa ya yi mini magana sai in hau shi da faɗa. Sai na yanke hukunci cewa sammu aka yi mini, har na san wanda ya yi: maƙwabcin gonarmu da muka taɓa sa-in-sa a kan iyaka. Bawan Allah, bai ji ba bai gani ba.

Innarka, lokacin tana ɗauke da cikinka, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Malam, in dai sammu ne, to ga wadda ta yi maka shi can a kan murhu tana huci.”

Na yi fushi na kwana biyu. Na uku na hau jaki, ita ma ta hau nata don a duba cikin, muka nufi dispanser a Tanut. Ma'aikacin jinyar da muka tarar, anfirme kamar yadda ake ce musu, ya ɗora mini wannan igiyar sauraro a ƙirji, ya ɗaga gira.

Ya ce, “Finjali nawa kake sha a yini?”

Na ce, “Zama biyar, kowane zama uku.”

“Me kake ci kafin ka sha na safe?”

“Ai shi ne karin kumallon.”

Ya ajiye igiyar ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, “Malam Idi, ko doki aka yi wa haka sai ya tsinke linzami.” Innarka ta rufe baki da gefen mayafi, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Haƙorin nan dai a can na bar shi, shi ne wawulon da kuke tsokanata da shi.

Mutumin ya zaunar da mu ya yi mana bayani a tsanake. Ya ce shayi abokin jiki ne in an san zama da shi. A ci abinci tukuna, a ɗan dakata, sannan a sha. A rage sukari. In rana ta yi sanyi a bar mai kauri. Ya ja fatar idon innarka ya ga ta yi fari, ya ce mai ciki kada ta ɗora shayi a kan abinci nan take, don yana hana jiki tsotse abin da ke ƙara jini, ta sha kaɗan, tsarara, can tsakanin abinci da abinci. Shi ne kuma ya tabbatar mini da zancen tafasa ruwa.

Na bi maganarsa, ga ni yau na ba hamsin baya ina ɗaukar jarka biyu daga famfo ba na haki. Kuma tun da na daidaita shi, na ga amfaninsa da idona. In ka ci nama mai maiƙo, finjali ɗaya da na'ana'a sai ka ji ciki ya sauka. In mura ta kama ka, citta da kanumfari da masoro a ciki su buɗe maka hanci. In kasala ta rufe ka da rana, ya wartsakar da kai ba tare da ya gusar maka da hankali ba. Taba sigari da na fara koya a wajen direbobi, shayi ne ya raba ni da ita: duk lokacin da bakina ya nema sai in hura gawayi, kafin ruwa ya tafasa sha'awar ta wuce. Ga kuma wani magani da ba a awonsa a asibiti: mutum ya zo da fuska a ɗaure, kafin finjali na uku ya faɗi damuwarsa, na kusa da shi ya ba shi shawara ko ya ba shi dariya, ya tashi da sauƙi.

Amma ka ji ni da kyau. Kai mai shayi ne, ba boka ba. Wanda ya zo da zazzaɓi ko gudawa mai tsanani, ba shi ruwan ɗumi ka nuna masa hanyar asibiti, kada ka ce ganyenka na warkar da komai. Direban da ya zo ido ja ya ce ka haɗa masa mai kaurin da zai kai shi Damagaram bai ƙifta ba, ka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ka ce ya kwanta kafin ya dahu, kuma kada ka yi saurin dahuwar. Shayi ba ya zama barci. Wanda kuwa ya miƙo maka ƙwaya ka jefa masa a kofi, ka ce teburinka ba a yin haka, ko da zai tashi ya koma na gaba. A bayan motarsa akwai 'ya'yan mutane, kamar yadda kai ma aka ɗauke ka.

Yanzu ga babban, wanda har yau in na tuna sai kunnena ya yi zafi.

Shekarar babban fari kana goye. Hatsi ya ƙi shekara biyu a jere, muka rufe rumbu ba komai a ciki, muka taho Tanut. A nan na kafa tebur a bakin tasha, da buta biyu da benci ɗaya. Garin ya cika da baƙi. Makiyayan arewa da dabbobinsu suka ƙare an tara su a sansani a bayan gari, ana kawo musu taimako a kamyo.

Wata rana wani mutum mai farar riga da agogo ya yafuto ni bayan wata katanga. Ya nuna mini buhu biyu da akwati: madarar gari, sukari, da ganyen shayi mai kyau irin wanda ban taɓa iya saye ba. Kuɗin da ya faɗa, ko jariri ya san bai kai ba. Ban tambayi sunansa ba. Ban tambayi inda ya samo ba. A jikin buhun akwai jan rubutu na boko, sai na ce da kaina ai ni ban iya karatu ba. Gaskiyar magana, zuciyata ta karanta shi sarai.

Teburina ya yi suna. Shayin Idi kakkaura, madara har tana kama leɓe. Benci ɗaya ya zama uku.

Ranar wata kasuwa da hantsi, ina cikin zuba wa mutane, sai wani dogon mutum ramamme ya tsaya a kaina, rawaninsa ya koɗe. Na ce masa bismilla ban ɗaga kai sosai ba. Sai na ji an ce, “Ashe bijimin ya tsinke turke ya shigo birni.”

Na saki ludayi na rungume shi. Agali ne. Raƙumansa duk sun faɗi a hanya, shi da matarsa Tima da 'ya'yansu suna cikin sansanin nan wata biyu, ban sani ba. Na kori wani daga kan benci na zaunar da shi, na ɗauko 'yar butar, na dafa masa irin wanda ya koya mini, na ɗaga hannu sama har kumfa ta tashi kamar ta sabuwar madara. Ina so ya ga almajirin ya ƙware.

Ya karɓi finjali, ya kai shi kusa da baki. Sai idonsa ya sauka kan buhun da ke ƙarƙashin tebur. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye finjalin a hankali.

Ya ce, “Idi, ina ka samo wannan buhu?”

Na ce, “Saye na yi.”

“Wajen wa?”

Na kama goge tebur da tsumma.

Ya ce, “Irinsa muka ga an sauke daga kamyo a sansani, mai wannan jan zanen. Aka jera mu aka ce gobe za a raba. Har yau goben ba ta zo ba. Ƙaramar 'yata ruwan bunu ake ba ta a madadin madara.” Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya taɓa maƙogwaronsa ya ce, “Ka yi haƙuri, aboki. In na sha, a nan zai tsaya.” Ya tashi ya tafi, shayin na huci a kan tebur.

Na koma gida ina kare kaina tun daga ƙofa. Na ce da innarka ni ban saci na kowa ba, da gumina na saya. Ta sauke ka daga baya ta ajiye, ta ce, “In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yaron nan jiya na dama masa kunu da madarar. Ka fitar mini da ita daga gida, Malam, ba na so ya yi ƙiba da ramar 'yar wani.”

Washegari da safe na ɗora abin da ya rage a kan jaki na nufi sansani. Ina tsoron jandarma su gan ni da kayan su ce ni ne ɓarawon. Na samu dattawan wurin a inuwar wata bukkar tsumma, na sauke kaya a gabansu, na faɗi yadda aka yi ban rage komai ba, har kamannin mai farar rigar. Wani tsoho ya ce a kira mata su kawo ƙwarya. Nan take aka fara rabon madara, masu goyo a gaba.

Agali ya fito daga cikin mutane. Ya ɗebi ganye daga akwatin da tafin hannunsa, ya nemo gawayi, ya tsuguna ya dafa. Da ya zuba na farko, sai ya tsallake dattawa ya miƙo mini. Na ce ban cancanta ba.

Ya ce, “Karɓi. Jiya na sata ne. Yau mai shi ne ya ba ka.”

Sai ga dariyar nan tasa ta dawo, duk da ramar, har yara suka taru. Salisu, na sha shayi a gidan masu kuɗi, na sha na biki, na sha na suna, ban taɓa shan mai daɗin wannan ba.

Teburina ya yi makonni ba madara, sai tsararon shayi da citta. Benci uku ya koma ɗaya. Amma da ruwa ya dawo, mutanen sansanin nan suka koma daji suka fara tara awaki, duk wanda ya shigo Tanut a cikinsu ba ya zama ko'ina sai wurina. Waɗannan masu rawanin da ka tashi kana gani cike da rumfarmu ranar kasuwa, daga Tarka har Tenhiya, asalinsu ke nan.

To ka riƙe wannan da hannu biyu. A Agadas kaya na shigowa ta kowace kusurwa, kuma mai farar riga yana da 'yan'uwa a kowane gari. Duk abin da za ka zuba a cikin mutane, ka san hannun da ya ba ka shi. Ka saya da rana tsaka, a kanti mai ƙofa, wajen mutumin da ka san sunansa kuma gobe za ka same shi a wurin. In araha ta yi yawa, ka tambayi wanda aka ƙwara har ta samu, domin dole akwai shi, ko da ba ka ganinsa. In mai kaya ya ji haushin tambaya, ka samu amsarka.

Akwai wani ƙarami da zan haɗa maka da shi, don shi na fi jin tsoron ka gada, tunda ka iya ciniki kamar ni. Bayan farin, Tima ta fara yanko nobe a kwarin Tarka, wannan ciyawa mai ƙamshi da muke jefawa a shayi, tana busarwa tana kawo mini. Ni kuwa bakina ya saba, kome ta faɗa sai na taya ƙasa, ita kuma kunya ta sa ta sallama. Har da wani dillali ya kawo wadda ta fi tata araha, na juya wurinsa. Da ta zo ta ga damin nasa, sai ta zaro tsiro ɗaya ta nuna mini gindinsa. Ta ce, “Malam Idi, wannan da saiwa aka tumɓuko shi. Baɗi me zai kawo maka?” Haka kuwa aka yi, shekara na zagayowa dillalin ya ɓace, wurin da ya tumɓuke ya zama fili.

Amma abin da ya gyara ni sosai shi ne zuwa bikin 'yarsu, wannan dai da aka taɓa ba ruwan bunu, ta girma ta zama santaleliyar budurwa. Da muka je, na ga nisan da Tima ke takawa kafin ta kai inda nobe take, na ga tafin hannunta duk ciyawa ta tsattsaga. Na tuna yadda nake zaune a inuwa ina taya mata ƙasa, kunya ta kama ni har na kasa cin naman bikin da kyau. Na dai ci, amma ba da kyau ba. Tun daga ranar, abin da ta faɗa shi nake ba ta, kuma teburina bai karye ba.

A can Agadas masu lambu na saukowa daga duwatsu da na'ana'a da tazargade a kan jakuna. Ka saya daga hannunsu kai tsaye, ka san sunayensu, ka ba su shayi su sha kafin a yi maganar kaya. Wanda ya yanka ya bar gindi, shi ne naka. Da attajiri ka ja ciniki iya ƙarfinka, yana da kitsen da zai jure. Da wanda ya tsinko da hannunsa kuwa, ka sassauta.

Shi koren ganyen kansa daga ƙasa mai nisa yake zuwa, an ce mata ne ke tsinkarsa ɗaya-ɗaya da yatsu a kan tuddai. Ni da kai ba za mu ga gonar ba, ba mu san ko ana kyautata musu ba. Amma muna ganin hannun ƙarshe. Ka tsaya ka kalli yadda mai kanti yake yi da 'yan dakon da ke sauke masa akwati. In yana zaginsu yana hana su ruwa, to wanda bai ji tausayin na gabansa ba, ba zai damu da na nesa ba, kuma kai ma zai cuce ka. Irinsu ne ke busar da ganyen da aka riga aka dafa, su rina shi su gauraya da sabo. Ka shaƙa kafin ka saya. Ka jiƙa kaɗan ka murza a tafin hannu, in ya bar maka launi kamar baban rini, ajiye masa abinsa. Ganyen kirki in ya sha ruwan zafi buɗewa yake ya koma ganye sosai, ba ya zama taɓo a gindin buta.

Takardar ta kusa cika, hannuna kuma ya gaji, bai saba riƙe abin da ya fi ludayi siranta ba. Ka tsare sallarka a kan lokaci, ko da benci a cike yake, wanda ke son shayinka zai jira. Ka ci abinci kafin ka ɗanɗana na safe. Ka riƙa aiko da saƙo ta hannun direbobi, ko da kalma biyu ce, saboda innarka.

Ita ce ma ta ce lallai in faɗa maka wannan, wai don ka san halin da ka bar ubanka. Yau da hantsi na dafa mana na gida kamar kullum, na jera finjalai na zuba, sai na ga ɗaya ya yi saura ba mai ɗauka. Na tsaya ina ƙirga mutane, ina cewa wa ya tashi bai sha ba. Ta dube ni ta ce, “Malam, mai shi yana Agadas yana zuba wa wasu.” Ta miƙa hannu ta ɗauke ta shanye, ta ce daga yau rabonka nata ne har ka dawo, kuma in na kuskura na daina zubawa ni da ita ne. To ka ji, kada ka daɗe har ta saba.

Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin son zuciya. Ya sa wutarka ta kama da wuri, ruwanka ya zama lafiya ga duk wanda ya sha, abin da zai shiga aljihunka ya zama halal tsantsa. Allah Ya yi maka albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Idi Mai Shayi, bakin tasha, Tanut.